Komawata Zurmi a Mota Mai Yoyon Tanki

Shinkafi

Ana idar da sallar asuba muka bar gidanmu na Shinkafi. Na gama wankan jego, zan koma ɗakina a Zurmi. Yaya Sani, wan maigidana, shi ya zo ɗaukarmu da tsohuwar motarsa: ni, jaririn, da Gwaggo Hansai 'yar rakiya. Inna ta ja masa kunne lallai mu shiga Zurmi kafin la'asar, don hanyar nan ba a bin ta da yamma.

Ba mu yi nisa ba na fara jin warin fetur. Na ɗauka haka motoci suke. A shingen farko wani jami'i ya duƙa, ya nuna mana ɗigon mai a jere tun daga inda muka fito. Yaya Sani ya shige ƙarƙashin motar, ya fito da tsatsa a yatsunsa.

"Amarya, akwai sabulu cikin kayanki?"

Na zaci hannu zai wanke. Na miƙa masa na jaririn, sabo fil, sai na ga yana murza shi yana cusa wa tankin. Wai fetur ba ya narkar da sabulu. Ɗigon kuwa ya tsaya, har sai da muka ratsa wani ruwa da ya kwanta a hanya, muka fito da kumfa a bayanmu.

Kaura Namoda

Da hantsi muka lallaɓa gareji. Wani bakanike ya ce walda za a yi. Wani ya ce duk wanda ya kai wuta kusa da tankin nan ya fara yin sallama da iyalinsa. Na uku ya ce tsatsa ta gama cinye shi, sai an kawo wani daga Gusau, gobe. Ni dai ina ta bin bakinsu da ido. Na tambayi Gwaggo ko motar za ta kama da wuta, ta ce ita ma abin da take son ji ke nan. Muka sha fura, azahar ta wuce, suna ta musu.

Daga ƙarshe suka tsiyaye man a jarka, suka jawo tiyo daga injin ta taga, suka zaunar da ni gaba, jarkar tsakanin ƙafafuna.

"Riƙe ta gam da hannu biyu. In ta karkace, mota ta mutu," in ji wani bakanike.

"To yaron fa?"

Gwaggo ta karɓe shi ta koma baya, aka sauke gilasai duka.

Hanyar Zurmi

Duk ramin da muka faɗa sai man ya yi tsalle. Yaron ya fara tsala kuka, nono na jiƙa mini riga, ba halin ko waiwaye. Na roƙi a tsaya. Yaya Sani ya dubi rana, ya dubi dajin, ya ci gaba da tuƙi.

Zurmi

Ana kiran la'asar muka shigo gari. Uwar mijina ta karɓi jaririn, ta shinshina shi, ta yamutsa fuska.

"Wanga mijin nawa, gidan mai anka haihe shi?"

Kowa ya yi dariya, ni kuwa yatsuna sun ƙi miƙewa. Har yau ban gane yadda mota ta kawo mu da jarka ba. Na gode wa Allah da ya sauke mu lafiya, Allah ya saka wa Gwaggo da Yaya Sani. Aka ɗora mini yaron a cinya, ya kama nono, ya yi tsit.