Katin Gidanmu a Durowar Nahuce

Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba aka kawo kwamfuta asibitin da nake aiki a Gusau. Ƙaramin asibiti ne na wani likita, yana da reshe a Tsafe. An ɗauke ni ne don na iya tafireta tun a sakandare, kuma ba abin da na tsana kamar ɗakin kati.

Durowoyin katako ne a jere, kowace da sunan gari: Magami, Karakkai, Nahuce. A cikin gari sai gidaje, kowane gida katinsa guda, maigida a sama, mata da yara a ƙasa. In ba ka san garin mutum da gidansu ba, sai ka wuni ba ka same shi ba. Tsohon da ke kula da ɗakin, Baba mai kati muke ce masa. Na taɓa gaya masa shi da kyankyasai rana ɗaya za su yi ritaya.

“Allah shi kai mu, ɗiyata,” in ji shi. “Ni dai ba a ɗauke mini wuta.”

Ita kwamfuta ba ta san gida ba. Kowane mutum layinsa daban, lambarsa daban, ka buga suna ta fito da shi. Likita ya ce kada in shigar da mamaci, wurin ajiyarta kaɗan ne, kuma durowar da na gama a ƙona katunanta. Abin ya yi mini daidai.

Alkunya ce ta riƙa ba ni ciwon kai. Matan ƙauye ba sa faɗin sunan miji ko na ɗan fari, shi kuwa Baba abin da aka faɗa yake rubutawa: “maigida, gidan gindin tsamiya”, “babban yaro”. Kwamfuta ba ta wucewa sai an cika gurbin suna. Kullum cikin tsaki nake.

Har na zo kan Nahuce, garinmu ta wajen Bungudu. Na san akwai katin gidanmu, ban dai taɓa nemansa ba. Ga Babanmu a sama, ga Inna, Baba mai kati ya ja ɗan layi gefen sunanta tun shekarar da ta rasu. A ƙarƙashinta an rubuta “ɗiyar fari, zazzaɓi”. Ni ce.

Baba ya leƙo ya ce ya tuna ranar. Wai ya tambayi Inna sunana ta sunkuyar da kai, ya sake tambaya ta ce ai ɗiyar mutane ce ta rako, alhali ta ƙanƙame ni a goye kamar za a ƙwace. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. “Ke” take cewa, ta tura mini ƙwaryar fura ba ta dube ni ba. Ina ƙarama na ɗauka ba ta so na.

A katin nan kaɗai muka rage tare, tana sama ina ƙasa. Na je wurin likita kai tsaye na ce ya bar ni in shigar da ita. Ya ce in ya bar ni, kowa ma yana da mamaci. Na ce to ya ba ni katin. Ya ce sai na dawo daga Tsafe za mu yi magana, yanzu in kai wa reshen can faifan kwamfutar da na kwafe sunaye a ciki. Na ajiye katin a saman durowa na kama mota.

Na dawo bayan la'asar na iske hayaƙi a bayan asibiti. Mai sharar asibiti ya kwashe katunan Nahuce duka ya cinna musu wuta, har na saman durowar. Baba yana masallaci lokacin. Da ya dawo sai ya tsaya kusa da ni har wutar ta mutu.

Washegari na buɗe layina, inda na riga na buga cikakken sunana. Na goge, na rubuta “ɗiyar fari”. Haka ya zauna, nakan buga shi in ba kowa a ofis. Bayan na bar aikin suka sayi sabon tsari mai haɗa Gusau da Tsafe, aka bi layi-layi aka gyara sunaye, har da nawa.

Yanzu in na je asibiti, yarinyar da ke gaban kwamfuta takan tambaye ni suna ba ta ɗago ba. Sai in ɗan yi jinkiri, har ta sake tambaya, sannan in faɗa.