Kwanon da Ba Ya Fashewa

Shekarun baya, lokacin ina aiki a ofishin wata jami'a a East Greensboro ta Amurka, maigidana ya samu aiki a wata jiha mai nisa. Ya tafi, ni na zauna da ɗanmu, saboda aikina na gwamnati ne, kuma inshorar aikin ke saya wa yaron maganin asma. Sai zama ya gagare ni. In na tashi aiki, sai in yi ta zarya a titin Wendover, in shiga kanti in fito ko allura ban saya ba. Mahaifiyata kuwa kullum a waya: "Kada ki kuskura ki saki reshe ki kama ganye."

Wata abokiyar aikina, dattijuwa 'yar China, ta gaji da ganina ina kai-kawo tsakanin tebur da taga. Muna cin abincin rana na zazzage mata komai. Ta ce, "Iron rice bowl kika riƙe."

Na sha jin Turawa na faɗin haka, ina gyaɗa kai kamar na sani. Ta ce daga yarensu aka fassaro maganar: kwanon shinkafa na ƙarfe. Zamanin da gurguzu ke tashe a ƙasarsu, in gwamnati ta ba ka aiki, har abada ne, da ɗaki da asibiti da fansho. Kwanon tangaran ya faɗi ya fashe, wannan ko a jikinsa.

Na ce, "To ai gata ne."

"Gata ne," in ji ta, "amma ba kai ke zaɓar inda za a ajiye maka shi ba. Babana masana'antar da yake aiki na wani gari, mu muna wani. Sai bikin sabuwar shekara yake zuwa. Ban taɓa kwana da yunwa ba. Amma in ya shigo, bayan mamata nake ɓuya, ina tambaya yaushe baƙon zai tafi."

Nan take na tuna da gidana. Zuwan maigidana na ƙarshe, ɗana ya tambaye ni da Turanci ko a nan zai kwana. Dariya muka yi a lokacin.

Na ajiye aikin, muka bi maigidana. Mahaifiyata ta yi fushi, kuma tana da gaskiyarta: kafin wata inshorar ta samu, duk tarin da yaron ya yi sai gabana ya faɗi. Har yau in tsoffin abokan aikina na hirar fansho, raina na sosuwa. Amma yanzu in ƙirjin yaron ya ɗaure, babansa yake kira, ba ni ba. Kishi nake ji, wallahi, kuma ba na so ya daina.