Kunnen Baba da Madubin Shagona

Mahaifina kafinta ne, kuma tunda na yi wayo ban taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya ya gama cin abinci ba. Loma biyu, sai ya miƙe ya je duba ƙofar da ke ƙara. Mahaifiyarmu takan ce ƙaiƙayi gare shi a tafin ƙafa. Shekara arba'in yana kafa kanta da kabad a gidajen mutane, kuma taƙamarsa ɗaya ce: bai taɓa rataye abu ya faɗo ba. Da kunne yake aikin. Kafin ya huda bango sai ya bi shi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, kunnensa manne da bangon. Inda bulo ke da kogo sautinsa daban, inda siminti ya cika daban, kuma a cikakken wuri kaɗai yake yarda ya kafa ƙusa.

Da na buɗe shagon ɗinki, na sayi madubin da ya fi ni tsawo, mai kaurin katako a gefe. Ƙarti biyu ne suka shigo da shi suna haki. Na yi niyyar kiran wani ya kafa mini, Baba ya ji labari.

"Ina raye za ki kira bare? Gobe ina nan tafe, Auta."

Ya zo da sassafe. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya yi alama da fensir, ya goge da yawu. Ya fita, ya dawo, ya ce hasken bai yi masa ba. Washegari ya ce ya manta awo a gida, alhali ga shi nan a aljihunsa. Madubi kuwa yana jingine da bango, mata suna shigowa gwajin kaya da 'ya'yansu. Duk yaron da ya doshi wajen sai in saki keken ɗinki in tare shi. Ɗinki ya ƙi ci gaba, har hannun riga na ɗinka a baibai.

Rana ta uku haƙurina ya ƙare. Dama barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni ma ba sanyin hali ne da ni ba. Yana tsaye ya ba ni baya na ce, "Baba, in aikin nan ya fi ƙarfinka ka faɗa mini mana!"

Bai juyo ba. Na ɗaga murya na maimaita. Ko gezau, yana ta ƙwanƙwasa bango. Nan na tuna yadda ya koma ƙure rediyo, da yadda yake gyaɗa kai ga maganar da ba ta neman gyaɗa kai. Kunya ta kama ni, tausayi ya biyo baya. Na taɓa kafaɗarsa, ya zabura.

Ya daɗe yana kallona, ya gane na gane.

"Kogo da cikakken wuri, duk iri ɗaya nake jin su, Auta," ya ce. "In na kafa a kogo ya faɗo kan ɗan wani, me zan ce wa Allah? In kuma na ce ban iya ba, to na tashi daga kafinta."

Sai kawai na zame ɗankwalina na manna kunne da bango. Ya fahimta. Ya buga.

"Me kika ji?"

"Kamar an buga tulun da babu ruwa."

"Kogo ne. Nan fa?"

"Wannan a toshe yake."

"To riƙe wurin da yatsa, kar ki motsa!"

Cikin rabin awa muka sami wuri biyu. Ya huda su da zurfi, ya fere guntayen katako mai tauri ya cusa su ciki da guduma, sannan ya murɗa ƙugiya mai kauri a kowanne. Ya kama su da hannu biyu ya ɗaga ƙafafunsa sama, tsoho yana lilo a bango, ni ina salati. Ko motsi ba su yi ba. Mai aski da mai guga na maƙwabta suka taya mu ɗaga madubin, ya zauna daram. Mai aski ya ce, "Kai, tsohon hannu daban ne!" Baba ya yi masa murmushi ya gyaɗa kai, ban sani ba ko ya ji.

Washegari ina buɗe shago na tarar da shi a bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa, yana ta sauya ƙafa. Ya ce an kira shi kafa kanta a wani gida, ya kwana biyar yana yi musu hanya-hanya. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Ba zai ɗau lokaci ba," ya ce. "In kina da sarari."

Ina da riguna shida da na yi alkawarin bayarwa ranar. Na mayar da kwaɗo na kulle, na karɓi jakar daga hannunsa.