Kunnen Petrona a Ranar Zonda

Don Evaristo Lucero, maƙwabcinmu a garin Maipú, tun yana saurayi yake kankare ɓawon da ke manne a cikin gangunan giya. Da shi yake dafa wani gishiri mai ƙyalli kamar ƙanƙara, yana sayar wa masu gyaran rediyo. Ga taurin kai, ga surutun tsiya.

Da matarsa Petrona ta kurmance, sai ya yanki gishirin ya haɗa mata na'urar ji, 'yar akwatin da take ratayawa a wuya.

"Maƙwabciya, ƙwayoyin cikinsa ba sa zama wuri ɗaya," yakan ce mini. "Da sanyi duk gefe guda suke karkata. Ɗumi ya taɓa su, sai su hau rawa, sahunsu ya sauya. Daidai gaɓar nan ya fi shan lantarki, ya fi ji. Aka wuce ta, ya dushe. Zafi ya yi yawa, ya narke."

Ɗansu Amadeo ya daɗe da barin gida cikin fushi. Ranar da zai yi waƙa a rediyon Buenos Aires, a ranar ce Zonda ta taso, iska mai zafi kamar daga bakin murhu. Tun safe Evaristo ya kai akwatin ɗakin ƙasa mai sanyi. Da la'asar, bayan mu maƙwabta mun taru gaban rediyonsu, ya sauka ɗaukowa, babu ita.

"Tsohuwa! Ina akwatin?" ya daka tsawa a kunnenta.

"Ga ta a ƙirjina. Kunnena ne ko naka?"

"Da ita kika tsaya gaban tanda?"

"To, baƙi su ci iska?"

Na tuna ya ce zafi yana narkar da gishirin. Ya miƙa hannu zai duba, ta buge hannun, don an riga an kira sunan Amadeo a rediyo. Muka kasa kunne. Petrona ta lumshe ido, tana gyaɗa kai a hankali. Evaristo ya sauke ajiyar zuciya, har ya harare ni yana murmushi.

Ana tsakiyar waƙa iska ta tsinke wayar lantarki. Rediyo ta mutu. Petrona ba ta daina gyaɗa kai ba.

"Muryarsa tana nan yadda take," ta ce. "Allah ya yi wa hannunka albarka, tsoho."

Nan muka gane tun farko ba ta ji komai ba. Evaristo ya kama hannunta, ya shiga buga mata kiɗan da yatsa, yana kuka, har inda yake jin waƙar za ta ƙare.