Yadda Kakanku Ya Kwance Jita Sau Huɗu

Kakanku Fidencio ya fi shekara hamsin yana ƙera jita a nan garinmu Paracho, amma ko waƙar raino bai iya kaɗawa ba. Kar ku yi dariya, maƙera nawa ne a unguwar nan haka suke. Ku miƙa masa katako, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara a kunne, zai gaya muku ko ya bushe ko da saura. Amma ku ce ya kaɗa, sai ya tuna gam ɗinsa na kan wuta.

To da yana nemana, kun dai san sai saurayi ya zo gindin taga da asuba ya yi kiɗa, in yarinya na so ta buɗe. Ya zo rungume da jita, kiɗa na tashi mai daɗi, na buɗe. Ashe abokin wasansa Leobardo ne tsugune a bayan katanga yake kaɗawa. Shi kakanku hannu kawai yake motsawa.

Leobardo ya riƙe bakinsa shekara da shekaru. Sai ana saura wata uku mu cika shekara hamsin da aure, muna cin abinci gidan uwarku, ya kurɓi giya ya ji garau, ya fasa ƙwai.

Ya ce, "Herlinda, ni fa kika buɗe wa taga. Wannan tsohon rakiya ya yi mini."

Kowa ya kwashe da dariya, ban da kakanku. Ya ajiye tortiyarsa, wainar masarar nan tamu, ya ce, "Ranar bikin, da hannuna zan kaɗa mata. In ba ta buɗe ba, ka zo ka ɗauke ta."

Na ce, "Ni akuya ce da za a zo a ɗauka?"

Wa zai koya masa? Leobardon dai. Ya nuna masa wuri uku da zai danne, uku kacal. To yatsun kakanku kun gan su, kamar goyon masara, ya danne tsirkiya ɗaya sai biyu su biyo ta. Ya kaɗa, jita ta ce zzzz.

Ya ɗaga ta, ya kanne ido ɗaya, ya duba wuyanta, inda ƙananan ƙarafa ke jere ƙarƙashin tsirkiya. "Ƙarfen nan na uku ya yi tudu." Ya ɗauko magagari. Kwana biyu ba koyo, sai goge-goge. Ya sake kaɗawa, zzzz. Ya ce katakon da tsirkiya ke hawa ne, ya ɓamɓare ya sa sabo. A karo na uku bayanta ya buɗe ɗungurungum, sati biyu muna jiran gam ya bushe. Duk sanda ya gama, Leobardo ya karɓa ya kaɗa, ta fito tar kamar ƙararrawar coci.

"Tsoho, jitar nan lafiyarta ƙalau. Yatsunka za ka kai wa magagari."

"Rufe mini baki. Kai me ka taɓa ƙerawa, ban da ƙarya?"

Ranar da ya kwance ta karo na huɗu, saura sati biyar, kuma bai taɓa kai waƙar ko rabi ba. Na bari ya haɗa ta, na kwashe magagari da zarto da samfefa na zuba a akwatina, na rataya makulli a wuya. Sai ga shi ya zauna. Kan yatsunsa ya yi bororo, ina jiƙa masa a ruwan gishiri. Karenmu ya koma gidan maƙwabta da zama.

Wata safiya ina dama masa kunun masara, ya ce a hankali, "Tsohuwa, da kin san ba ni ba ne, da kin buɗe?" Nan na gane abin ya ci masa rai da gaske. Na ce ya sha kununsa kar ya huce.

Ranar biki da asuba unguwa ta fito. Ya sa Leobardo ya tsaya tsakiyar titi, hannu biyu a ka, kowa ya shaida. Ya fara. Kiɗan dai kamar jaki na hawa dutse da kaya, amma yana tafiya. Ya kai tsakiya, zzzz. Sai tsit.

Na leƙa ta tsagar taga. Ga shi ya ɗaga jita, ya kanne ido.

Na daka masa tsawa daga ciki, "Fidencio! Ka taɓa ta, tagar nan sai ranar da za a fitar da gawata!"

Ya mayar da ita ƙirji. Ya ci gaba, da zzzz ɗin da komai, har ƙarshe. Na buɗe.

Na ce, "Kai, tun wancan karon na sani. Jitar da ka rungumo ko tsirkiya babu, ga hular Leobardo tana leƙowa ta kan katanga."

"To don me kika buɗe?"

"Na ga mutum tsaye cikin sanyi yana shafa katako, ba kunya ba tsoro, duk saboda ni. Wa zai bar irinsa a waje?"

Ya tsaya yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. Ya share da hannun riga, ya miƙo tafinsa ta tagar.

"Ba ni makullin. Ƙarfen nan na uku da gaske ya yi tudu."