Gwaggo Rifkatu Ta Je Gaisuwa Birmingham

Duk wanda ya taɓa hawa benen Gwaggo Rifkatu a Hulme ya san muryarta tun daga matakala. Za ka ji tana cewa, "Ke, kada ki buɗe masa ƙofa. Na gaya miki maƙaryaci ne." Ka tsaya, ka ce yau gidan nan rigima ake. Kana ƙwanƙwasawa sai tsit. In ta buɗe, ita kaɗai za ka tarar, da littafi a hannu, ta soke yatsa a shafin da ta tsaya, kanta a ƙasa. Gaisuwar ma sai ka kasa kunne kafin ka ji ta.

Ni ce Murna, ɗiyar ƙaninta. Na zo Manchester karatu a farkon shekarun dubu biyu na sauka wurinta, kuma ban yi mako ba na gane Gwaggo mutum biyu ce. Da mutanen littafi, bakinta ba ya hutawa. Da mutane masu rai kuwa, kunya kamar ta nutse. A gidan kula da tsofaffi inda take aiki, da kanta ta roƙa a kai ta ɗakin wanki, wai injin wanki ba ya tambayar mutum yadda ya yi hutun ƙarshen mako. Ko asibiti za ta sai da ni.

"Ke ki gaya wa likita ƙafar ce," in ji ta. "Ni in na buɗe baki sai na ji na ce I'm fine."

Littattafan nata ƙagaggun labarai ne na Kirista, irin na Turawa, waɗanda ake yin shafi ɗari biyu ana soyayya ba a ko riƙe hannu sai an yi addu'a. Ba ta sayen sabo. Shagunan gwanjo take bi, ta zaɓo wanda ya sha hannu, ta zo gida ta ɗinka masa riga da ƙyallen atamfa. Wanda jarumin cikinsa ya ɓata mata rai kuwa, kan firij take kifa shi, wai ya zauna ya yi tunani. Akwai wani da ya yi damina guda a can.

Wasunku da ke zaune a nan suna cocin ranar da ta ja mini abin kunyar da har yau ban warke ba. Lokacin roƙon addu'a ta taɓa ni ta raɗa mini cewa in miƙe in ce a tuna da wata gwauruwa mai 'ya'ya biyu da ake shirin ƙwace wa gona. Na miƙe na faɗa. Fasto ya yi addu'a har da gumi. Ana tashi sai ga matan coci sun kewaye ni, wata na tambayar ina matar take zaune, wata na cewa tana da kayan yara. Na waiga, Gwaggo ta sulale tana can bakin ƙofa tana gyaran ɗankwali. Dole na ce musu matar a babi na tara take.

A hanya na ce, "Gwaggo, kin sa na yi ƙarya a gaban Allah."

"Wace ƙarya? Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa. Akwai mai irin halinta a wani wuri, kuma Allah ya san adireshin."

Mutum ɗaya ce Gwaggo ke sakin jiki da ita, Hajiya Memuna ta gidan ƙasa, matar Alhaji Issaka mai tasi, 'yan Kumasi. Hajiya ba ta karanta littafin Turanci, amma tana idar da sallar la'asar za ta hawo da kwanon gyaɗarta, Gwaggo ta juye mata labarin da Hausa. Shekara da shekaru suna bin jerin littattafan wata tsohuwar Baturiya, labarin wata malamar makarantar ƙauye da mijinta kafinta. Gwaggo ba ta taɓa kama sunan marubuciyar ba, don girmamawa. "Mai littafi" take ce mata, kamar suruka.

To, a sabon littafin sai kafinta ya mutu. Na dawo daga makaranta na tarar ba a ɗora tukunya ba, su biyu suna zaune a ƙasa sun miƙe ƙafa, Hajiya na cewa, "Sai haƙuri, Rifkatu. Mutumin kirki ne, Allah ya sani." Na yi dariya, suka harare ni tare, na shiga ɗaki.

Ba a daɗe ba Gwaggo ta dawo daga shagon littattafan coci da labari. Za a yi taron masu karanta irin waɗannan littattafai a wani otal a Birmingham, kuma Mai littafi za ta zo.

"Za ni," in ji ta.

Matar da ke laɓewa bayan labule in ma'aikacin hukumar gidaje ya zo duba bututu, ita ce za ta shiga cikin ɗaruruwan baƙi? Na ce, "Gwaggo, sa hannu kike so a littafinki? Ba ni in kai miki."

"Gaisuwa za ni. An yi wa mutum mutuwa, sai a aika yaro?"

Na yi bayani iyakar iyawata cewa kafinta ba mutum ba ne, tawada ce da takarda. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in jiƙa shinkafar masa.

Alhaji Issaka ne ya kai mu, da ma zai je ganin ƙaninsa a unguwar Balsall Heath ta can Birmingham ɗin. Gwaggo ta ɗaura zane mai duhu, ta rungume kular masa a cinya, tun daga Manchester tana maimaita abin da za ta faɗa a ƙarƙashin numfashi. Da ya sauke mu ya ce, "Madam, ki miƙa gaisuwata da ta Hajiya. Ki ce traffic ne ya hana mu shigowa."

Tun a bakin zaure aka fara. Wata mata mai fara'a ta manna wa Gwaggo suna a ƙirji, ta rungume ta ba gaira ba dalili. Gwaggo ta sandare, kula na tsakaninsu. Muna zama sai mai gabatarwa ta ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya faɗa masa littafin da ya sa shi kuka. Na juya, kujerar Gwaggo wayam. A bayan wani teburin sayar da littattafai na same ta, ta durƙusa tana karanta bangon littafin da take da shi a gida.

Amma fa idonta ya sha kallo. Mata ne birjik, tsofaffi da matasa, kowa da jakar littattafai, suna musu a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Mun wuce wasu biyu, ɗaya na cewa ita tun mutuwar kafinta ba ta yafe ba. Gwaggo ta matse mini hannu ta ce, "Kin ji ko? Ashe ba ni kaɗai ba ce." Na ga daɗi a fuskarta irin wanda ban taɓa gani ba, na ji kunyar dariyar da na sha yi mata.

Da rana aka ja layin sa hannu. Mai littafi na zaune a bayan tebur, 'yar tsohuwa siririya da farin gashi, tana murmushi tana rubutu. Muka bi layi. Saura mutum biyu Gwaggo ta ce wa ta bayanta, "After you," ta koma ƙarshe. Muka sake zuwa gaba, ta sake. Haka ta yi ta rabon wurinta har layin ya ƙare, aka fara tattara kujeru, Mai littafi ta rufe bironta. Alhaji ya bugo waya yana waje.

Na ce, "Gwaggo, ko yanzu ko mu koma da masarmu."

Maganar da ta haddace tun Manchester ta gudu. Na tabbata shi ke nan, za ta koma gida ta yi ta cin kanta har ƙarshen rayuwarta. Sai na ga ta sunkuya ta tuɓe takalmi. Ta taka zuwa gefen teburin, ta ajiye kula, ta zauna daɓas a kan kafet ta miƙe ƙafa, ta sunkuyar da kai, kamar yadda ake yi a gidan makoki.

Wata cikin masu shirya taron ta rugo da ruwa, ta ɗauka suma ce. Mai littafi ta leƙo ta kan tebur ta tambaye ni lafiya. Ni da ke karatun digiri na biyu na rasa Turancin da zan yi. Na dai ce a wurinmu in an yi rashi, zuwa ake yi a zauna da mutum, ba sai an yi magana ba, kuma gwaggota ta zo ne saboda kafinta.

Tsohuwar ta yi murmushi mai taushi ta ce ta gode, amma labari ne kawai.

Gwaggo ba ta ɗago ba. Da Hausa ta ce, "Gaya mata na karanta inda malamar ta manta ta zuba shayi kofi biyu, ta tsaya tana kallon ɗayan har ya huce. Gaya mata wanda bai mayar da kofi cikin kabad da hannunsa ba, ba zai san wannan ba. Ki ce mata ya haƙuri."

Na fassara. Murmushin ya tafi. Ta daɗe tana kallon bironta, sannan ta ce mijinta ya rasu kafin ta fara littafin, kuma ba ta gaya wa masu karatu ba, don ba ta so a yi ta kallonta da tausayi. Ta dafa tebur ta miƙe, ta zare takalmanta, ta zagayo ta zauna a ƙasa kusa da Gwaggo, gwiwoyinta na ƙara. Ma'aikatan otal suna ta kwasar kujeru suna kewaye su.

Can Gwaggo ta buɗe kula ta tura mata. Sannan, da Turancinta da ba a cika ji ba, ta ce lokacin da nata mijin ya rasu a Manchester, kati ne ya yi ta faɗowa ta ramin ƙofa, masu kyau, masu furanni, amma ba wanda ya hau bene ya zauna. Ni kaina ban taɓa jin wannan ba sai ranar.

Suka ci masa da hannu, tsohuwar na share ido da bayan hannu tana cewa akwai yaji. Da za mu tashi Gwaggo ta ja ni gefe.

"Ki gaya mata kada ta aurar da malamar ga likitan nan na cikin littafin. Hajiya ma ba ta yarda da shi ba."

Mai littafi ta yi dariya har da tari, ta ce ai ta riga ta rubuta.

"Ta goge," in ji Gwaggo, ta ɗauki kularta.

Sai da muka hau babbar hanya na tuna littafin yana cikin jakata, ba a sa masa hannu ba. Na faɗa da takaici. Gwaggo ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Ana zuwa gidan mutuwa neman sa hannu? Wa ya rene ki?"

Ranar da Gwaggo ita ma ta bar duniya, kun ga yadda ɗan falon nan ya cika. Hajiya Memuna ce ta fara hawowa, ta tura kujeru jikin bango da kanta. Matan coci, 'yan Kumasi, ɗaliban Kano da ba su taɓa jin muryarta sosai ba, kowa ya bar takalmi a matakala ya nemi wuri a ƙasa. Ina kewarta ƙwarai, kuma na gode muku da ba ku bar ni ni kaɗai ba.

Ubangiji ya ba Gwaggo Rifkatu hutawa a wurinsa. Ya karɓe ta a hankali, ba tare da tambayoyi da yawa ba, don ya san halinta. Mu kuma da muka rage a ƙasar nan, Allah ya ba mu ƙafar hawa bene in an yi wa wani rashi. Amin.