Sada da Jikokin Kuɗin Cizo

Sada mutumin Saulawa ne, manomi ɗan manomi, dogo, marar yawan magana. Ya girme ni da shekara shida, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Ni sunana Tanko, sana'ata ɗaura gadon kara. Rabin ƙauyenmu a kan aikin hannuna suke kwana.

A shekarar da aka samu 'yancin kai aka ɗauki Sada aikin feshi. Aka ba shi kaki, da famfon da yake goyawa a baya, da gwangwanayen wani farin gari da ake damawa da ruwa. Don sauro aka kawo maganin, amma mu kuɗin cizo ne ya hana mu sakat. Bayan feshin farko, da tsintsiya mata suka riƙa share gawarsu. Sada ya zama ɗan gata, wannan ta aiko da fura, wancan da ƙwan zabi. Shi kuwa ko a jikinsa. Bismillarsa kawai yake yi, ya auna garin a tsanake kamar mai haɗa wa jariri magani.

A shekara ta huɗu abin ya juya. A yi feshi yau, jibi yara na susa. Mutane suka fara cewa gadajena ne ke kawo ƙwarin, wai ɗanyen kara nake ɗaurawa. Sau biyu ina kai gadaje kasuwar Ikara a kan jaki ina dawowa da su yadda na kai su. Raina ya ɓaci, ni kuma idan raina ya ɓaci sai na samo wanda zan ɗora wa.

Wata rana da hantsi Sada ya kira ni zaurensa. Kwalabe biyu na gabansa da kuɗin cizo a ciki, da gwangwanin magani a gefe.

"Tanko, duba nan. Waɗannan na samo su a rugar Bobbo, inda ban taɓa feshi ba. Na ɗiga musu magani, duk sun mutu. Waɗannan daga ɗakinka na kwaso, magani ɗaya, ga su suna yawo."

"To, sai aka yi yaya?"

"Da kaka wace zangarniya kake ajiyewa iri?"

"Wadda ta fi kyau mana."

"To ni ma iri nake zaɓa ban sani ba. Kullum ina kashe masu rauni, ina barin ɗaya biyu masu taurin rai. Su suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gaje su. Jikokinsu ne yanzu a garin nan."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Da la'asar na kai labarin gindin tsamiya inda ake hira, na ce Sada ya koma bin salsalar kuɗin cizo, saura ya raɗa musu suna.

Ba a jima ba wata magana ta tashi, wai Sada na sayar wa manoman auduga garin maganin, mu kuma yana fesa mana farar ƙasa. Maganar ta yi mini daɗi, don ta ɗauke ido daga gadajena. Dagaci ya tara mutane, ga wani jami'i da aka turo, aka tambaya ko akwai wanda ya ga wani abu. Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, na ga gwangwanin magani a zaurensa, ba ranar aiki ba."

Ban yi ƙarya ba, da haka na yi ta lallashin kaina. Amma na san abin da ya kai gwangwanin zauren, kuma na haɗiye shi. Sada ya fara bayanin kwalabensa, aka bushe da dariya, don na riga na mayar da zancen abin dariya. Ya dube ni sau ɗaya. Ya shiga gida ya tuɓe kakin, ya ninke, ya ɗora a kan famfon. Da yara suka fara kiran 'yarsa Zulaihatu 'yar ɓarawon magani a bakin rijiya, ya kwashe iyalinsa ya koma Likoro wajen kawunnansa.

Aka kawo sabon mai feshi. A gaban dagaci ake fasa gwangwani, aka ninka awo. Kwana bakwai bayan nan na ɗaga tabarmata, ga su nan jajur, sun ƙoshi. A ranar na san Sada ne da gaskiya, na kuma yi shiru. Mutane suka koma ƙone tsofaffin gadaje suna sayen sababbi, kasuwata ta buɗe. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau.

Sai bayan shekara tara ta'aziyya ta kai ni Likoro. Na sami Sada a bakin rumbu yana ware zangarniyar iri, gemunsa ya yi fari. Ya shimfiɗa mini buzu, ya tambayi iyali da mutanen Saulawa gida gida, bai tsallake kowa ba. Sannan ya ce, "Tanko, da aka kawo wancan mai feshin, ƙwarin sun mutu?"

"Ba su mutu ba, Yaya Sada."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun satin farko."

Ya ɗauki wata zangarniya ya juya ta a hannu, ya ajiye a gefen iri.

"Ka faɗa a Saulawa?"

"Ban faɗa ba."

"To," in ji shi. "Zulaihatu ta yi aure, da sunan 'yar ɓarawon magani aka kai ta."

Ya kira a kawo mini ruwa. Na riƙe ƙwaryar, na kasa sha.